Yadda ake shiga asusun ninki na kamfanonin mutum-mutumi da AI, da yadda ake fita

Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022, Nvidia, kamfanin da ke ƙera cip ɗin da AI ke aiki da su, kuma ya yi ta hawa har darajarsa ta haura dala tiriliyan 3 a Yunin 2024, tambayar da samari ke yi mini ta sauya. Da can cewa suke, "Yaya, wane kamfani zan saya?" Yanzu kuwa sai, "Yaya, ina wannan mai ninka riba sau biyu?" Ni aikina lissafi ne. Littafin 'yan kasuwa nake riƙewa a Kwari, kuma da yake an san ina leƙa kasuwar hannun jarin Amurka ta waya, sai aka mayar da ni wurin kawo ƙara. Wanda ya ci ya zo ya nuna, wanda aka cinye ya zo a duba masa inda kuɗin suka bi. Daga waɗannan lissafe-lissafen na tsara abin da ke ƙasa. Sayen ba wuya, yatsa ɗaya ya isa. Aikin yana wajen sanin abin da ka saya da ranar da za ka rabu da shi.

Buɗe asusun ka ga su wane ne a ciki

ETF asusu ne da aka zuba hannayen jarin kamfanoni da yawa a ciki, aka kasa shi ƙanana-ƙanana, ana saye ana sayarwa kamar hannun jarin kamfani guda. A ɓangaren mutum-mutumi akwai ROBO, wanda ya fara a 2013, da BOTZ na kamfanin Global X, wanda ya zo a 2016. Waɗannan biyun ba su da ninki: ma'aunin da suke bi, wato alƙalumman da ke nuna matsakaicin motsin farashin wani jerin kamfanoni, ya hau kashi 1, su ma su hau kashi 1. Mai ninkin shi ne UBOT na kamfanin Direxion. Ma'auni ɗaya suke bi da BOTZ, wanda kamfanin Indxx ke haɗawa, sai dai shi UBOT alƙawarinsa ninki biyu ne na motsin ma'aunin a rana guda. Da ninki uku ya fara a 2018, daga baya aka sauko da shi zuwa biyu.

Kafin ka sa ko dala ɗaya, shiga shafin Global X ka buɗe jerin kamfanonin da ke cikin BOTZ, tunda su ɗin ne dai ke ƙarƙashin UBOT. Yawancin masu zuwa wurina zato suke ChatGPT suke saye. OpenAI, kamfanin da ya yi ChatGPT, ba ya cikin jerin. Za ka ga Nvidia, gaskiya ne. Amma a gefensa akwai Intuitive Surgical, masu na'urar tiyata ta da Vinci, da ABB na Suwizalan, sai kuma manyan Japan: Fanuc mai rawayen hannayen ƙarfe da ke walda a masana'antun motoci, Keyence mai na'urorin gani da aune-aune na layin masana'anta, da Yaskawa. Cinikin waɗannan ya dogara ne da ko masu ƙera motoci da wayoyi suna faɗaɗa masana'anta, musamman a Sin, da kuma yadda yen ke tsayawa a gaban dala. Shi ya sa za ka ji labari ya cika duniya cewa hannayen jarin AI sun yi tashin gwauron zabo, ka duba BOTZ ka tarar da ƙyar ya motsa.

Wanda Nvidia zalla yake so, akwai NVDL na GraniteShares, ninki biyu a kan kamfani guda. Akwai SOXL, ninki uku a kan masu ƙera cip. Akwai TQQQ, ninki uku a kan ma'aunin Nasdaq-100, na manyan kamfanoni ɗari da ke kasuwar Nasdaq ta Amurka. Duk tafiyarsu ɗaya ce, zafin ne ya bambanta.

Inda ninkin yake fitowa

Ɗauki ɗan kasuwa mai jarin naira miliyan ɗaya da ya je wurin dila ya ɗauko atamfar miliyan biyu, rabi kuɗi hannu, rabi bashi. Kaya suka hau kashi 10 cikin ɗari, ribarsa dubu 200, wato kashi 20 na jarinsa. Suka sauka kashi 10, asarar ma dubu 200 ce, kuma bashin dila bai ragu da ko kwabo ba. Asusun ninki haka yake, sai dai shi yawancin ninkin ba da sayen kaya yake samun sa ba. Yarjejeniya yake ƙullawa da manyan bankuna, wadda ake kira swap: banki zai biya shi duk abin da ma'aunin ya hau, shi kuma ya biya banki abin da ya sauka, da kuɗin ruwa a kai.

Akwai bambanci na biyu, kuma shi ne ke cinye mutane. Ɗan kasuwa zai iya rungumar kayansa ya jira kasuwa ta dawo. Asusun ba ya jira. Kowace rana, dab da a tashi kasuwa, dole ya daidaita kansa ya koma ninki biyu cif. A ce yana da dala 100, yana riƙe da na 200. Ma'auni ya faɗi kashi 10, na 200 ya koma 180, jari ya koma 80. Ninki biyu na 80 shi ne 160, don haka sai ya sayar da na 20 a ranar da farashi ya karye. Idan hawa aka yi, na 200 ya zama 220, jari 120, yana buƙatar na 240, sai ya ƙaro na 20 a ranar tsada. Haka yake yi kullum: saye bayan an hau, sayarwa bayan an sauka. Ba kuskuren manaja ba ne, a rubuce yake cikin takardar bayanin asusun, har kalmar "kullum" ɗin tana cikin sunansa na Turanci.

Yi lissafin da hannunka

Ba na barin kowa ya wuce nan sai ya ɗauki biro. Ma'auni yana 100. Litinin ya hau kashi 10, ya zama 110. Talata ya sauka kashi 10, ya zama 99. Asarar kashi 1 ke nan. Kai da ke jiran ninki biyu za ka ce taka kashi 2 ce. Lissafa: 100 ya hau kashi 20, 120. Ya sauka kashi 20 na 120, wato 24, saura 96. Kashi 4 ka rasa. Maimaita wannan hawa da sauka sau biyar a Excel, ma'aunin yana wajen 95, kai kana ƙasa da 82.

Don a yi adalci, abin yana da ɗaya fuskar. Idan kasuwa ta miƙe ba waiwaye, ninkin yakan ba da fiye da biyu. Kwana uku a jere ana hawa kashi 5, ma'auni ya samu kashi 15.8, asusun ninki kuma 33.1, ya zarce ninki biyu na 15.8. Hotunan ribar da ake yawo da su a guruf-guruf na WhatsApp daga irin wannan makon ake ɗauko su. Ba ƙarya ba ne, rabin labari ne.

Akwai gajeriyar hanyar ƙiyasta abin da kai-kawon farashi zai ci maka a shekara. Shafukan hada-hada suna buga adadin girgizar farashin kowane asusu. Ɗauki na ma'aunin, ka ninka shi da kansa. Idan kashi 30 ne, 0.30 sau 0.30 ya ba da 0.09. Ma'ana, ma'aunin zai iya gama shekara a inda ya fara, asusu mai ninki biyu ya rasa kusan kashi 9. Mai ninki uku sau uku na haka ne a lissafin. Kamfani guda irin Nvidia da girgizarsa ke iya kai kashi 50, lissafin ya zama 0.25, fiye da kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinka ya narke alhali farashin kamfanin bai je ko'ina ba.

A kan wannan sai ka ɗora kuɗin kula da asusu. BOTZ yana karɓar kashi 0.68 a shekara, masu ninki kuwa daga wajen kashi 1 suke. Sai kuɗin ruwan swap, wanda ba za ka gan shi a rasit ba don daga cikin farashin ake zare shi. Daga Yulin 2023 zuwa Satumban 2024 babban bankin Amurka ya riƙe ruwa a kashi 5.25 zuwa 5.5, don haka a lokacin mai riƙe da ninki biyu yana biyan sama da kashi 5 a kan rabin da aka aro masa, ko ya sani ko bai sani ba.

Hukumomin Amurka sun daɗe da faɗa. A 2009, shekara uku bayan kamfanin ProShares ya fito da irin waɗannan asusu, FINRA, mai sa ido kan dillalan hannun jari a Amurka, ta ce galibi ba su dace da ƙaramin mai zuba jari da zai riƙe su fiye da zaman kasuwa ɗaya ba. Misalin da aka bayar a lokacin har yau yana ba ni mamaki: daga 1 ga Disamban 2008 zuwa 30 ga Afrilun 2009, wani ma'aunin kamfanonin mai da gas ya hau kashi 2, asusun da ke ninka hawansa ya faɗi kashi 6, wanda ke ninka faɗuwarsa ya faɗi kashi 26. Da wanda ya ce za a hau da wanda ya ce za a sauka, duk an cinye su. A 2022 kuma Nasdaq-100 ya faɗi kusan kashi 33, TQQQ ya faɗi kusan 79. BOTZ, da ba shi da ninki ma, ya rasa sama da kashi 40 a shekarar. Wanda ya rasa kashi 79, sai abin da ya rage masa ya ninka kusan sau biyar kafin ya ga uwar kuɗinsa.

Maganar halal

Ni ba malami ba ne, amma ba zan tsallake wannan ba, tunda da yawanmu ita ce tambayar farko. Ninkin nan a kan kuɗin ruwa aka gina shi, ba wani gefe ba ne da za a cire a tsarkake sauran. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa, a zamanta na Jidda a 1992, ta hana cinikin ma'auni kansa, ƙa'idojin shari'a na AAOIFI, hukumar da ke tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci, su ma ba su yarda da swap yadda bankuna ke yin sa ba. Ni kuɗina ba sa shiga asusun ninki, a takarda nake bin sa. Wanda yake son kamfanonin fasaha ta hanyar da aka tace, akwai asusun ETF guda biyu marasa ninki, SPUS da HLAL, duk sun fara a 2019, kuma manyan kamfanonin fasaha ne suka fi nauyi a cikinsu. Kai wa malaminka bayanin yadda swap ke aiki, kada ka tambaye shi "hannun jari halal ne?" kawai, don amsar wata tambayar zai ba ka. Na ci gaba da sauran bayanin ne saboda masu karatu ba duka Musulmi ba ne, kuma na san akwai waɗanda za su shiga ko an ce kada. Gara su shiga ido buɗe.

Idan ka yanke sai ka shiga

Dillali tukuna. Ba kowace manhaja ce ke ɗauke da asusun ninki ba, wasu kuma sai ka sa hannu cewa ka fahimci haɗarin kafin su buɗe maka. Bincika sunan dillalin Amurka da ke bayan manhajar, da rajistar ita manhajar a hukumar kula da hannun jari ta ƙasarka. Za a ba ka fom ɗin W-8BEN, shaidar cewa kai ba ɗan Amurka ba ne. Najeriya ba ta da yarjejeniyar harajin kuɗin shiga da Amurka, don haka kashi 30 za a yanke daga duk rabon ribar da asusun ya biya. A nan ba babban abu ba ne, ba don rabon riba ake sayen UBOT ba.

Littafinka da dala za ka riƙe shi. Wannan na ga ya ruɗi mutane da yawa. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. Wani ya zo mini yana murna kuɗinsa sun kusa ninkawa. Muka buɗe: dala 100 ya sa, ta koma 60. A naira 46,000 ta zama 90,000. Da a ƙarƙashin katifa ya ajiye dalar da yana da 150,000. Faɗuwar naira ce ta rufe masa asarar kashi 40. Kuma ka tuna canji sau biyu za ka yi, shiga da fita, kowanne da abin da ake ci a kanka.

Yawan abin da za ka sa daga asara ake lissafo shi, ba daga ribar da kake mafarki ba. A ce duk jarinka na waje dala 1,000 ne, kuma ka ce ba za ka yarda ciniki ɗaya ya ci maka fiye da dala 30 ba. Ka kuma yanke cewa idan asusun ya sauka kashi 15 za ka fita. To dala 200 za ka sa, don kashi 15 na 200 shi ne 30. Kashi 15 ɗin kuwa ba nisa ba ne. Ma'auni ya sauka kashi 7 da rabi, an kai. A ranakun 3 da 4 ga Afrilun 2025, bayan sanarwar harajin kaya ta Trump, ma'aunin S&P 500 na manyan kamfanonin Amurka ya faɗi sama da kashi 10 cikin kwana biyu, ranar 9 ga wata ya hau kashi 9.5 a rana ɗaya. Kuɗin haya, kuɗin makaranta, kuɗin adashi da jarin shago ba sa zuwa nan. Bashi kuwa kada ma a fara, ninki a kan ninki ke nan.

Sai ka rubuta abu uku a takarda kafin ka danna saye: farashin da za ka fita idan an faɗi, farashin da za ka fita idan an hau, da ranar da za ka fita ko ba a yi ko ɗaya ba. Na ukun ne mutane ke mantawa. Tunda kai-kawo da kuɗin ruwa suna ci kullum, zama kansa asara ne. Ni a ganina kwanaki ne, iyaka 'yan makonni. Kuma dalilin shigar ya zama abu mai rana, misali rahoton ribar Nvidia da ke fitowa duk wata uku. "AI ce makomar duniya" ba dalilin sayen UBOT ba ne. Ko da gaskiya ne, magana ce ta shekara goma, asusun kuwa rana ɗaya ya yi maka alƙawari. Mai wannan ra'ayin, asusu marar ninki ne nasa.

Lokaci. Kasuwar New York tana buɗewa 9:30 na safiyarsu ta tashi 4:00 na yamma. A agogon Najeriya da Nijar 2:30 na rana zuwa 9:00 na dare ke nan daga Maris zuwa farkon Nuwamba, sauran watannin kuma 3:30 zuwa 10:00. Kada ka saya a rabin awar farko, lokacin ne ratar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa ta fi faɗi. UBOT ƙaramin asusu ne ƙwarai idan aka ajiye shi kusa da TQQQ mai biliyoyin daloli, don haka ratar tasa tana iya cizo. Kullum ka yi amfani da odar ƙayyadadden farashi, kai ka rubuta abin da za ka biya. Odar "ko nawa ne" a ƙaramin asusu kyauta ce kake ba wani. Wani abu kuma: kasuwar Tokyo tana tashi da safiyarmu, tun New York na barci. Lokacin da kake ciniki, farashin Fanuc da Keyence na rufe ne, masu kasuwa ƙiyasin gobe suke sawa a ciki. Don haka kada ka yi mamaki idan wata rana UBOT bai yi daidai da ninki biyu na ma'aunin da ka gani ba. Da farashin BOTZ na wannan lokacin za ka gwada shi.

Sa odar tsayar da asara, amma ka san iyakarta. Ita ba ta yi maka alƙawarin farashi ba, cewa kawai ta yi idan an taɓa wurin za ta sayar. Ranar Litinin 27 ga Janairun 2025, bayan labarin DeepSeek, manhajar AI ta Sin mai gogayya da ChatGPT, ya bazu a ƙarshen mako, Nvidia ya buɗe kasuwa tuni yana can ƙasa, ya rufe da faɗuwar kusan kashi 17, darajar kusan dala biliyan 600 ta tafi a rana ɗaya. Masu NVDL kusan kashi ɗaya cikin uku suka rasa. Wanda ya ajiye oda a kashi 10 ranar Juma'a, ba a kashi 10 aka sayar masa ba, a farashin da kasuwa ta buɗe aka sayar. Shi ya sa nake cewa girman abin da ka sa shi ne ainihin kariyarka. Idan kana ganin ba za ka iya jure tsallaken ƙarshen mako ba, fita ranar Juma'a kafin a tashi.

Bayan ka saya

Buɗe shafi a Excel mai layi huɗu: kwanan wata, farashin BOTZ, farashin UBOT, da abin da UBOT ya kamata ya zama da a ce ninki biyu ne cif tun ranar da ka shiga. Cike shi duk dare bayan an tashi, minti biyu ne. Ratar da ke tsakanin layi na uku da na huɗu ita ce abin da zama ke ci maka, ko yake ƙara maka idan kasuwa ta miƙe. Idan ka ga ratar tana faɗaɗa a kanka alhali BOTZ yana yawo wuri ɗaya, kasuwar da asusun ya fi ƙi ke nan, ba sai ka jira ranar da ka rubuta ba.

Kada ka ƙara saye don farashi ya sauka. A kamfani mai kyau wannan dabarar takan yi aiki, amma a asusun da ya riga ya sayar da wani ɓangare na abin da yake riƙe da shi a ƙasa, ko ma'aunin ya dawo inda yake shi ba lallai ya dawo ba. Idan an hau sosai kuma, rage. Dala 200 da ta zama 300 ta wuce girman da ka lissafa tun farko, sayar da na 100 ka dawo inda ka tsara.

Wata rana za ka iya buɗe manhaja ka ga hannayen jarinka sun ragu, farashin kowanne ya yi sama. Ba sata ba ce, ba kuma riba ba ce. Asusun ninki da farashinsa ya zube yakan haɗe hannaye, misali goma su koma ɗaya, kuɗinka na nan yadda suke. Abin lura shi ne jadawalin farashi yakan gyara tarihi bayan haka, sai ka ga kamar asusun ya taɓa kai wani farashi mai tsawo da ba a taɓa sayar da shi haka ba. Kada ka kalli wannan tsaunin ka ce can zai koma.

Ranar fita, odar ƙayyadadden farashi dai, kuma ba a mintunan ƙarshe ba, lokacin da asusun ninki duka ke rububin daidaita kansu. Tun 28 ga Mayun 2024 cinikin hannun jari a Amurka washegari yake kammala, don haka abin da ka sayar Litinin, Talata kuɗin ke zama naka sosai, sannan manhaja ta ɗauki nata kwanakin kafin su iso bankinka. Rubuta farashin fita a dala, cire kuɗin dillali da na canji biyu, ka ajiye sakamakon kusa da abin da BOTZ ya yi a kwanakin nan. Adana rasit ɗin kuma, don haraji a ƙasarka kake biyan sa, ba manhajar ce za ta tuna maka ba.